Maɓallin da Yatsan Haisam Ya Goge

Ni yayar Haisam ce, kuma da hannuna na riƙa zuba wa abokinsa Izzuddeen tuwo a gidanmu na unguwar Takur a Dutse. Shi ya sa har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Tare suka karanta kwamfuta a jami'a, kwamfutar ma guda ɗaya ce, ta Haisam. A shekararsu ta ƙarshe kamfanoni suka fara ɗibar sababbin ma'aikata, wahala ta kankama. A yi jarrabawa ta intanet, a ce ka wuce, a sake wata, a kira ka intabiyu, a ɗora maka aikin gwaji kyauta, sannan shiru kamar an shuka dusa. Wani lokaci ana tsaka da amsa sabis ya ɗauke. Haisam in ya gama nasa sai ya matsa a kan tabarma ya ce, "Zo abokina, layinka ne." Duk abin da ya shige wa Izzuddeen duhu, shi ke warware masa.

Da wani kamfani mai biya da dala ya tace jama'a ya bar su biyu a kan gurbi ɗaya, Izzuddeen ya san ba zai kai labari ba. Sai ya nufi wani boka a lungun duwatsun bayan gari. Abin da ya faru can, daga bakin Izzuddeen duk Dutse ta ji daga baya.

Da rana tsaka ne, amma kogon bokan baƙi ƙirin. Ga ƙwarya cike da daskararren jini, ga ƙahonni a rataye da jan ƙyalle, ga hayaƙi mai warin ƙonannen gashi.

"Aiki nake so, Baba."

"Babu amsar a kanka," in ji bokan, "amma tana wani kan. Kawo min abin da yatsan abokinka ya fi taɓawa."

"Me zai same shi?"

"Neman aiki ka zo, ko jinya?"

"Sau ɗaya tak nake so."

Bokan ya yi dariya. "Duk sanda ka nema za ta zo. Kar dai ka tambayi daga ina."

Ya je ya ɓalle maɓalli ɗaya daga kwamfutar ƙanena, wanda harafinsa ya goge don dannawa. Har taya mu nema ya yi a ƙarƙashin tabarma, munafukin!

Ranar intabiyu Haisam ya buɗe baki, ko sunan makarantarsu ya kasa faɗa. Izzuddeen kuwa amsa ta riƙa zubo masa. Aka ɗauke shi, yana aiki daga gida. Sai ga mota, sai ga bene a unguwar Limawa, ya kwaso mahaifinsa da ƙanwarsa Ruwaida.

Amma aikin kullum tambaya ne, kuma duk amsar da ya nema daga kan Haisam ake ciro ta. Da kan Haisam ya ƙare, sai abin ya juya cikin benen. Ruwaida mahaddaciya ta wayi gari ba ta gane ko harafi, ta fita ta manta hanyar gida, aka tsinci gawarta a wani kududdufi wajen Jahun. Mahaifinsu Malam Nata'ala yana jan sallar Magariba ya tsaya cak a tsakiyar Fatiha, ya juyo yana kallon sahu. Bai daɗe ba ya rasu. Izzuddeen ya gane komai, amma bai ajiye aikin ba. Wannan ne ba zan taɓa yafewa ba.

Can kamfanin ya ce zai rage ma'aikata, kowa ya sake jarrabawa. Ya zauna ya nemi amsa, ta zo kuwa, daga kan da ya rage a gidan, wato nasa. Ya ci jarrabawar. Kafin la'asar an gan shi a kasuwa ba takalmi, yana tare mutane yana ba su labarin kogon.

Ku masu jiran saƙon kamfani, na san kun gaji. Amma wallahi duk amsar da boka ya ba ka, daga kan wani naka ya ciro ta, kuma kai ne na ƙarshe a layin.

Jiya yawon Izzuddeen ya kawo shi ƙofarmu. Na ɗauki taɓarya. Haisam na zaune yana danna yatsu a kan tabarma, kamar kullum. Ya ɗago ya dube shi, ya matsa gefe, ya ce, "Zo abokina, layinka ne."