Idon Aro

"Ɗaga kanka sama, kar ka ƙifta!"

"Mutumin da kika sallama jiya, shi kike wa tsawa yau?"

Ta ɗiga masa maganin buɗe ido, ta rage hasken ɗakin gwajin.

Shekararta ta farko ke nan a horon likitocin ido. Mai koyo sai ya samu idon aro ya yi ta leƙa cikinsa kafin hannunsa ya faɗa, kuma kowa gudu yake, don maganin kan bar mutum cikin dishi-dishi har yamma. Wani ma'aikacin ɗakin magani da ake kira Mai Tabarau kaɗai ya yarda, duk mako. A nan so ya kama su.

Sai Mama, mahaifiyarsa, ta gindaya sharaɗi: ko ta ajiye horon, ko a bar zancen aure. 'Yar ƙanwar Mamar, wadda ke gaba da ita a horon, ita ke kai gulma gida, wai yarinyar ba ta ganin kowa da gashi.

Jiya ta ce masa ba za ta ajiye ba. Ta yi kukanta ita kaɗai, da safe ta saka farar rigarta.

"Me ya kawo ka?" ta tambaya a hankali.

"Alkawarin ido daban, Sarauniyata, na aure daban."

Ta haska fitila, ta kara gilashin dubawa a idonsa. Can gefe, a shimfiɗar bayan idon, ta hango 'yar yagewa.

Ta sake dubawa da kyau.

"Kana ganin walƙiya kwanan nan?"

"Na ɗauka ke ce..."

"Ba wasa nake ba!"

Ta kira 'yar uwar tasa. Ita kuwa ta leƙa sama-sama, ta taɓe baki. "Babu komai. 'Yan shekarar farko da zaƙewa! Ki tsallake ni ki gani."

Mai koyon ta san tsallake na gaba laifi ne a wurin. Ta kama hannun rigarsa, ta ja shi har ofishin Farfesa, shugaban horon.

Farfesa ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya gano wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da an bar shi, da idon ya tafi. A liƙe wurin yanzu."

Ana fito da shi Mama ta iso, mayafi a karkace. Ta shafa fuskar ɗanta, ta ji bayani, sannan ta juyo.

"Ke ce mai taurin kan?"

"Ni ce, Mama." Ta durƙusa. "Ina son sa. Horon nan kuma sai na gama shi."

Mama ta miƙa mata kwalbar maganin da aka rubuta masa.

"Ni hannuna rawa yake, 'yata. Shi kuma tun yana yaro ba ya tsayawa a ɗiga masa."

"Zai tsaya."

"Na gani. Ki faɗa wa babanki muna tafe."

Mai Tabarau ya lalubo gefen da take, yana murmushi.

"Sarauniyata, dishi-dishi nake gani. Dariya kike ko kuka?"

Ta share ido da bayan hannu.

"Ɗaga kanka sama," ta ce.