Kamfanin da Aka Soke Ya Sayi Gida

Ranar Talata da hantsi Tomie Nagase ta sauko daga dutse, ta shiga ofishin 'yan sanda riƙe da wata takarda. Shekarunta tamanin da ɗaya, ita kaɗai ta rage a ƙauyensu.

Sufeto Kuramochi ya karanta. Takardar ciniki ce, wai wani kamfani na birnin Osaka ya sayi gidanta da gonar shayinta, don haka ta tashi kafin ƙarshen wata.

"Iya, wannan hatiminki ne?"

"Nawa ne, amma ba ni na buga ba."

"Wa yake shiga gidanki?"

"Birai," in ji ta. "Sai ɗana Shozo, sau ɗaya a shekara."

Da yake kamfanin ba na jiharsu ba ne, Sufeto ya buga waya ofishin rajistar kamfanoni na Osaka. Aka ce masa an soke kamfanin shekara huɗu da suka wuce. Kamfanin da aka soke kuwa ba ya saye, ba ya sayarwa; takardar banza ce. Ya nemi sunayen tsoffin ma'aikatan, ya ga Shozo Nagase, akawu.

Washegari ya same shi a Osaka, a wani bene, mutum mai furfura, shi kaɗai tun rasuwar matarsa.

"Ka san wannan kamfanin?"

"Ban taɓa jin sunansa ba."

"Shekara ashirin kana riƙe musu hatimi, ba ka ji sunansu ba?"

Sufeto ya tura ƙofar ɗaki na biyu. Sabuwar shimfiɗa, sabon bargo, da ƙarfen riƙewa a jikin bango irin na tsofaffi.

"Ɗakin wa ke nan?"

Shozo ya zauna a ƙasa. "Na Inna. Na roƙe ta, na roƙe ta ta dawo wurina, ta ce dutse ya fi mata. Na ce in ta ga gidan ya fita hannunta za ta zo. Ni na ɗauki hatiminta, ni na buga nata da na kamfanin."

Aka kawo shi jiharsu da ankwa. Tomie tana zaune a benci a ofishin 'yan sanda aka wuce da shi, bai iya ɗaga kai ba.

"Gidanki naki ne, Iya," in ji Sufeto. "Ki koma abinki."

Ba ta motsa ba.

"Inda za ku ajiye shi," ta ce, "bas yana zuwa can?"