Koren Zare a Shuɗiyar Riga

Ranar kasuwar Tsanyawa Tahir ya fara ganinta, tsaye a bakin shagon gwanjon marayu, tana ɗaga rigunan maza ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa.

Shagon na kwamitin masallaci ne. Wanda tufa ta yi wa kaɗan ya kawo, waɗanda aka yi wa rasuwa su kawo kayan mamaci sadaka. A wanke, a gyara, a sayar da araha, abin da aka samu a kai wa marayu. Ba a jefar da ko tsumma. Doka ɗaya gare su: kayan mamatan Tsanyawa a kai su reshen Minjibir, na Minjibir a kawo nan, don kada mace ta fita takaba ta ci karo da rigar mijinta a jikin maƙwabci.

Tahir ne telan shagon. Shi ma maraya ne, a kayan shagon nan ya girma. In ya rufe keken ɗinki ya koma gida, ba mai ce masa sannu da zuwa sai akuyar da uwarsa ta bari.

"Malama, wa ake nema wa riga?"

"Dubawa kawai nake yi."

"Mai duba riga haka, akwai mai sa'a a wani wuri."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta tafi. Kasuwa ta zagayo ta dawo, ta sake dubawa, ba ta sayi komai ba. Sannu a hankali ya san sunanta Raudatu, 'yar wani ƙauye ce a gefen Minjibir, ta zo zama wurin goggonta bayan rasuwar mahaifinta. Abin da take nema kuwa ba ta faɗa ba. 'Yar gidan malamai ce, irin waɗanda ba sa shanya baƙin cikinsu a kasuwa.

Ranar da za ta koma gida ya ga lallai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya roƙi lambarta, ta bayar tana kallon ƙasa.

Ya rubuta mata: "Raudata, yau kasuwa ta cika maƙil, amma shagon wayam nake ganinsa. Ba mai hargitsa mini riguna."

Ta amsa: "Telana, ka gode Allah ka huta da ninki. Nan ma gidan shiru. Tabarmar Baba tana nan a zaure, ba mai zama."

Kamaruddeen kuwa, mai sayar da shadda a birni, ya riga ya fara kai gaisuwa wurin Baffa Usaini, ƙanin mahaifinta. Da Tahir ya ji haka ya shirya zuwa. Akwai wata babbar riga shuɗiya da ya saya a shagon tun kafin ya san Raudatu, ya adana don babbar rana. Bai tambayi daga ina ta zo ba, don a shagon ba a tambaya. Ya kai ta wurin mai bugu, ya saka, ya hau mota.

Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya yi sallama, aka shigar da shi zaure. Baffa Usaini ya amsa gaisuwa rabi, sai idonsa ya tsaya a kan rigar. Raudatu ta shigo da ruwa, kwanon ya kuɓuce mata. Ta dafe bango, ta juya ciki da kuka.

Baffa ya ce, "Yaro, ka san rigar wa ke jikinka? Ta yayana ce, mai wannan zauren. Ni na kai ta sadaka da hannuna."

Tahir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Wallahi, Baffa, ban sani ba."

"Na yarda. Amma wanda zai zo neman aure da kayan matattu, da me zai tufatar da 'yar mutane? Tashi ka kama hanya tun motoci ba su ƙare ba."

A mota ya cire rigar ya ninke ta a cinya. Sai yanzu ya gane abin da take nema duk ranar kasuwa, ga shi ashe yana cikin akwatinsa. Ya rubuta: "Ki gafarce ni. Da na sani da tuni na miƙa miki ita." Ba amsa. Gero ya nuna, aka girbe, aka ɗaure dammuna, ba amsa. Ya daina kunna rediyo a shago. Ya sa a ransa ta zaɓi mai shadda, kuma bai ga laifinta ba.

Ya kasa saka rigar, ya kasa mayar da ita kan igiya. Wata Juma'a ya naɗe ta a sabuwar leda ya kai ƙauyen, da niyyar ya ba wani ya shigar ya juya. Sai aka ce Inna Hure, uwar Raudatu, tana kiransa.

Ya durƙusa nesa. Ta warware rigar, ta juya gefen hannun, ta tsaya a kan wani ɗinki na koren zare, karkatacce, mai girman kwabo.

"Garwashi ne ya ƙona nan, shuɗin zarena kuma ya ƙare. An ce kai tela ne, kana gyara duk abin da ya shigo shagonku. Me ya hana ka warware wannan ɓarnar?"

"Na ɗauki reza, Inna, sai na ajiye. Na ga ba ɗinkin tela ba ne. Wanda ya yi shi ya bi wurin sau da yawa don kada ya sake ɓallewa. Na ce wannan hannun yana son mai rigar, ba ni da hurumin taɓawa."

Ta shafa ɗinkin da yatsa. Sannan ta aika a kira Baffa Usaini.

"Malam Usaini, yayanka ya sha faɗa, tufar da ke kulle a akwati ba ta zuwa masallaci. Mun ba da ita don a saka, an saka, ina laifin? Mai shadda ya zo da sabo, Allah ya ƙara masa. Amma yarinyar nan zuciyarta a yage take, mai gyara take bukata. Da tsohuwar zuma ake magani."

Baffa ya shafa gemu. "Ita me ta ce?"

"Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Labarin zuciya a tambayi fuska."

Tahir bai kai tasha ba wayarsa ta yi ƙara: "Telana, ba fushi na yi ba. Baffa ne ya hana ni amsawa. Da na gan ka a zaure, gani na yi kamar gidanmu ya sake cika, shi ne na kasa tsayuwa."

Bayan an gama sussuka aka ɗaura aure a ƙofar gidan marigayin. Da safiyar ranar Inna Hure ta aiko wa ango da ƙunshi, ta ce a faɗa masa wannan karon da saninta. Ya saka shuɗiyar rigar, Baffa Usaini da kansa ya gyara masa kafaɗa, ya zaunar da shi a tabarmar zaure.

Yanzu in ka je shagon ranar kasuwa, shi yana kan keke, ita tana gida tana jera wankakkun kaya, kuma in ya koma akwai mai ce masa sannu da zuwa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan mai rigar. Amin.