Iya Tsohuwa Ta Zo Ganin Amarya

"Cire zanen nan daga kanka, Maliki."

Bai cire ba. Sai ma ya ƙara duƙawa bisa sandarsa, ya langwaɓe baki kamar marar haƙori. "Wa kike ce ma Maliki, ƴar nan? Ni ce Iya Tsohuwa daga Jiratawa, na zo ganin amarya!"

Zalihatu ta dube shi daga sama har ƙasa. Ƙato mai shekara talatin, ɗaure da zanen uwarsa, ya shafa toka a gira. Ita ta jawo shi nan bakin madafa, nesa da matan da suka cika tsakar gidansu na unguwar Zariya a Maraɗi suna guɗa. Gobe da hantsi za a ɗaura mata aure da Abdurrazak, wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, a Tibiri.

Maliki taubashinta ne, ɗan Gwaggo Balkisu ƙanwar babanta, kuma al'ada ta ba shi bakin faɗa mata duk abin da ya ga dama. Tun suna yara yake kiranta "matata", dangi na dariya. Ita ta daina dariyar tun shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Kullum sai ya hau kabu-kabu daga Jiratawa ya kawo mata zogalen gonarsa, ya tsaya bakin ƙofa yana cewa, "Kar ki mutu ki bar ni gwauro, mummuna!" Bakinsa na wasa, idanunsa jawur.

Ta jira shi shekara shida.

Da Abdurrazak ya fito, babanta Alhaji bai yi gaggawa ba. Ya kira Maliki zaure gaban ƴan'uwa ya ce, "Kai ɗana ne. In maganar nan da kake yi akwai gaskiya cikinta, faɗa mini yau." Zalihatu na bayan labule tana saurare.

"Kawu, rufa mini asiri! Wannan mai cin tuwo kwano uku? Ai sai ta cinye ni da gonar!"

Zaure ya ɗauki dariya. A ranar ta ce wa Abdurrazak ya turo magabatansa.

"Ba ka jin kunya?" ta ce masa yanzu, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya gayyato ka wannan shirmen?"

"Haba amarya... biki ba taubashi ai lami ne."

"Taubashi! Nan ka iya ɓuya, kamar ɓera cikin rumbu."

Ya yi ƴar dariya, amma ba ta fita daidai ba. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da muryar tsohuwar. "Ƴar nan, saƙo aka ba ni. Akwai wani yaro can garinmu... ko abinci ba ya iya ci tun da aka sa ranarki. Ya ce in gaya miki duk duniya ba shi da kamarki."

Shekara shida tana jiran kalmar nan, sai ga ta ta iso cikin zanen Gwaggo!

"Yaron gurgu ne? Ko bebe?"

"Manomi ne. Gidan Alhaji kuwa..."

"Kar ka sa Baba a ciki! Da bakinshi ya tambaye ka."

Ya miƙe tsaye sosai. Karon farko ta ji muryarsa ta gaskiya, ba ado ba lanƙwasa. "Zaliha, in na yi wasa suka yi dariya, ni na sa su. In na faɗi gaskiya suka yi dariya fa? Ina zan sa kaina?"

"To ji nan. Baba na zaure yanzu haka, shi kaɗai. Ba a ɗaura ba tukuna. Wanke fuskarka ka je ka faɗa mishi da muryar nan. Wallahi ko Maraɗi duka za ta zage ni, zan tsaya bayanka."

Ya dubi hanyar zaure. Ya kai hannu ga zanen da ke kansa. Har ya ɗaga ƙafa...

"Ga ta nan! Ga Iya Tsohuwa ta ɓuya!" Samira ƙanwarta ce, da mata biyar a bayanta suna tafi. "Iya, fito ki yi mana rawar!"

Zalihatu ta tsaya inda take. Kallonsa kawai take.

Hannunsa ya sauko a hankali. Bayansa ya koma ya tanƙware.

"Wayyo ƙuguna! Ku riƙe ni, jikoki, amaryar nan ta so ta kashe ni da surutu!"

Suka ja shi tsakar gida, mai kalangu ya saki kiɗa. Yana juyi yana tuntuɓe da gangan, mata na faɗuwa kan juna don dariya.

Zalihatu ta ratsa su har tsakiyar fili. Ta zaro takardar kuɗi ta jaka guda, ta liƙa masa a goshi kamar yadda ake yi wa maroƙin haya, ta danna da yatsa har sai da ya ɗago suka haɗa ido.

"Ku tafa mishi," ta ce da ƙarfi. "Iyakar abin da ya iya ke nan."

Aka tafa, aka rangaɗa guɗa. Gwaggo Balkisu ta nuna ta tana riƙe da ciki.

"Ku dubi amarya, jama'a! Ɗan nan ya ba ta dariya har hawaye take!"