Wa Ya Ɓoye Takalman Manu?

"Hidaya! Ina takalmana?"

Hidaya ta ci gaba da dama kunu kamar ba da ita ake ba. Ta san inda suke sarai, suna ƙarƙashin buhun zoɓo inda ta cusa su tun da safe.

Kwana biyar ke nan da aka sallamo mijinta Manu daga asibitin Gumel bayan nimoniya, wato ciwon huhu, ta kwantar da shi. Likita ya ce zazzaɓi zai sauka da wuri, amma tari kan kai mako shida, kasala kuwa har wata uku. Ya kuma gargaɗe shi da ya shanye maganinsa duka, ya guji ƙura da aikin ƙarfi. Ga shi riɗin da suka yanke suka jingine a gona ya bushe, har ya fara tsagewa yana zuba, kuma shi ne abin dogaron gidan bana.

"Ni fa nomal nake, wallahi!" in ji Manu.

Sai ga mahaifiyarsa Hajjo ta fito riƙe da buta. "Oh ni! Zazzaɓi ya tafi, jiya tuwo malmala biyu ya tashi da su, me ya saura? Ke yarinya, so ne zai kaɗe mana riɗi? Kin mayar min da ɗa jariri, saura ki goya shi!"

Wata bakwai da aurenta, Hidaya ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, balle ta mayar mata da magana. Ta shige madafa ta yi kukanta, ta ɗora wa hayaƙi laifi. Amma takalma dai ba su fito ba.

Da magariba ta matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, tunda ba takalmin zuwa masallaci, ka ja mu salla mana, ni da Inna."

"Au, da ma haka kika shirya?" Ya yi dariya ya shimfiɗa tabarma.

Ya kama Fatiha. Aya guda sai ya yanke ta biyu ya ja numfashi, ta ƙarshe kuwa sai da ya tsaya sau uku. A ruku'u tari ya sarƙe shi. Da aka sallame, Hajjo ta juyo tana kallon yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun da muka dawo, Inna," in ji Hidaya, kanta a sunkuye. "Da can ba ya yankewa."

"Kawo takalman nan."

Hidaya ta kawo su. Hajjo ta karɓa, ta jefa su cikin akwatinta, ta danna kwaɗo, ta ƙulle mukullin a bakin zane.

"Haba Inna! Har da ke?"

"Rufe min baki, ja'iri! Mai gaskiya na zaune a gabana ina ta yi mata faɗa."

Washegari Hajjo ta zaga maƙwabta ta kira gayya, Hidaya kuma ta buga wa yayyenta waya suka zo daga Sule Tankarkar. Aka shimfiɗa tamfol aka kaɗe riɗi tas. Wani ya riga ya zube, amma mafi yawansa ya shigo gida. Manu na inuwa yana shan farfesu yana mita, takalman kuwa ba sa fitowa sai ranar komawa asibiti.

Bayan mako shida ya ja su salla, karatu ya tafi tsaf ba yankewa. Hajjo ta kwance mukulli ta miƙa wa Hidaya.

"Ungo 'yata. Ke ce likitan gidan nan, ke za ki sallame shi."

"Dokta, a taimaka!" in ji Manu, har da durƙusawa.

Hidaya ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta buɗe akwatin.

'Yan'uwa, saukar zazzaɓi ba ita ce warkewa ba. A shanye magani, a bi maganar likita, a ba jiki lokacinsa. Mai sonka da gaske kuma zai jure faɗan kowa don numfashinka ya dawo.