Allurar Da Ta Ƙi Faɗuwa

Matar Yaya ce ta same ni a gareji da yamma, ina wanke hannu da fetur zan tashi. Kullum in ta zo da tsiya take farawa, wai mai baƙin hannu, yaushe zan yi wanka. Ranar ba ta yi ba. Ta jingina da wata mota da na kwance wa inji, ta ce in duba mata motar yayana.

"Me motar ta yi?"

"Ita lafiyarta lau. Shi ne."

Yaya mutum ne mai surutu, in yana dariya har maƙwabta sai sun san ya dawo gida. Ya sayi wata mota ta hannu, irin waɗanda ke kashe kansu don tsimin fetur: ka taka birki a danja inji ya mutu, ka ɗaga ƙafa ya tashi. Ni dai ban taɓa ƙaunar irinsu ba. Inji na tsayawa famfon mai ke tsayawa, ƙarfin baƙin mai ya faɗi, kowane tashi sai ya sake hawa. Masu ƙera su sun ce sun yi wa abin dabara, to Allah ya sa. Da na yi wa Yaya wannan ƙorafin, cewa ya yi aiki nake nema a jikin motarsa.

"Tun da ya saye ta yake raguwa," in ji matarsa. "Abinci sai na ce ya ci. Yara su faɗa jikinsa, ya dube su kamar 'ya'yan wani. A asibiti sun ce jininsa ya yi ƙasa, ba su ga dalili ba. Jiya ina gefensa a danja. Inji na mutuwa, sai na ga shi ma ya tafi. Ka dawo min da mijina."

Washegari gab da magariba Yaya ya kawo motar. Bai tambayi dalili ba. Na ɗaga bonet, na ja sandar auna mai: a cike yake, garau, kamar yau aka zuba, alhali bai taɓa yi mata juyen baƙin mai ba. Na ɗaura agogon auna ƙarfin mai, irin mai allura da dogon tiyo, na zuro shi ta taga na ɗora a cinyata. Na ce ya tuƙa, ni zan kalli allurar.

Muka bi hanyar bayan ɗakunan ajiyar kaya, inda babu kowa in ma'aikata sun tashi. Allura na tsaye a tsakiya, yadda ya kamata. Na tsokane shi da zancen tumbinsa, ya ce "Haka ne." Wannan mutumin da ba a taɓa kayar da shi a gardama ba.

Akwai wata danja a mararrabar ƙarshe. Ta nuna ja. Yaya ya taka birki, motar ta ɗan girgiza, inji ya mutu.

Shiru ya rufe mu. Ina jin ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa. Na sa ido a kan agogo, ina jiran allura ta sauka ƙasa, don babu inji babu famfo.

Ba ta sauka ba.

Ta ɗan faɗi, ta tashi. Ta faɗi, ta tashi. A hankali, ba gaggawa. Na ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce, ta ci gaba da abinta.

Sai wari ya shigo ta ramukan iska. Ba na baƙin mai ba, wannan na san shi fiye da turare. Ƙarni ne, irin na mahauta da hantsi.

Na kama wuyan hannun Yaya. Sanyi ƙalau. Jijiyarsa na bugawa ƙasa-ƙasa, kuma duk bugun da ta yi, allura ta motsa tare da ita.

Daga ƙarƙashin sitiyari na ji wani sauti. Tsut. Tsut. Kamar jariri a nono.

"Yaya, ɗaga ƙafarka."

Idonsa a buɗe, yana kallon danja. Leɓunansa sun yi fari.

"Yaya."

"Ƙyale ta," ya ce da raɗa. "Ta kusa ƙoshi."

Danja ta koma kore, bai motsa ba. Na danna maɓallin da ke hana inji mutuwa, ko fitilarsa ba ta kama ba. Allura ta fara hawa sama, bugun jijiyar Yaya kuwa yana nisa.

"Ba zafi," ya ce. "Shiru ne kawai. Ka bar ni."

Na buɗe baki zan yi addu'a, harshena ya yi nauyi. Na kwance bel ɗin kujerata, na sunkuya cikin duhun ƙafafunsa, na kama ƙwaurinsa na ja. Ko gezau. Na zura hannun dama tsakanin takalminsa da birki.

Ba roba na taɓa ba. Abu ne mai ɗumi, mai laushi, jiƙe. Ya saki takalmin, ya rufe a kan yatsuna.

Ya ja.

Ba zafi, gaskiyar Yaya. Sanyi ne ya hau hannuna zuwa kafaɗa, tsoron da ya cika ƙirjina ya fara tsiyayewa. Na ji ban damu ba. Ko na tashi ko kar in tashi, duk ɗaya.

Can cikin bonet wata murya ta yi magana, siririya, ta tsohuwa.

"Wannan ya fi ɗumi."

Yaya ne ya cece ni, ba da niyya ba. Ƙafarsa ta zame daga birki, jikinsa ya faɗo kaina. Inji ya tashi da ƙara, abin ya tofar da hannuna. Motar ta gangara da kanta har ta daki bakin hanya. Na jawo shi waje ta ƙofata, muka zube a ƙasa, injin na ta aiki a bayanmu, lafiya lau.

Da rana tsaka na sa aka jawo ta bayan gareji. Na cire batir, na kwance kwanon mai. Abin da ya zubo ƙudaje ne suka fara sanin ko mene ne. Na haƙa rami na binne shi, na rufe motar da tamfol, ban sayar wa kowa ko noti ɗaya daga jikinta ba.

Jinin Yaya ya dawo daidai, likita ya ce ya warke. Yana cin abinci, yana zuwa aiki da ƙafa. Matarsa ta gode min, amma ba ta ƙara yi min tsiya ba, don ta san gangar jikin mijinta kawai na dawo mata da ita. Ni kuma yatsuna na dama ba sa jin zafin inji. Sai na ji ƙauri nake sanin na ƙone.

Bayan wasu watanni mahaifiyarmu ta rasu. Gida ya cika, ƙannenmu mata na kuka a ɗaki. Ni da Yaya muna zaune a dakali, mutane na ba mu hannu muna amsawa. Ya daɗe yana sauraren kukan, kansa a karkace. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Kai kana jin wani abu?"

Na laluba cikina da gaske kafin in ba shi amsa.

"Ɗan kaɗan."

Ya gyaɗa kai.

"To ka yi mata kukan, har da nawa."