Burtalin da Ya Ratsa Gonar Baba

Abdullatif ya shigo gida ya tarar da matarsa Rauda zaune a kan tabarma, tuwo na gabanta har ya huce. Tun da aka ba ta shugabancin sashen noma a ƙaramar hukuma, bai taɓa ganin aiki ya hana ta cin abinci ba.

"Maman Jannat, lafiya?"

"An gama awon burtalin Kaikai," in ji ta. "Gonaki da dama sun cinye hanyar shanu. Har da ta Baba."

Baban da take nufi shi ne mahaifinsa, Malam Haladu, wanda tun farko bai so ɗansa ya auro 'yar ofis daga Kankia ba. Sai da aka sha fama kafin ya yarda.

"Ki bar tashi zuwa ƙarshe mana. Ko ki tura wani."

"Da ita zan fara. In na tsallake ta, wa zai yarda in taɓa tashi? Bara mutum biyu aka kwantar a asibiti saboda hanyar nan. Ni na zauna mitin sulhun, na ga matansu."

Gab da faɗuwar damina aka fita shata burtalin. Rauda ta zo da ma'aikatanta da dagaci da wani dattijon makiyayi, Jaji. Da ta hango surukinta a bakin gona, sai ta tuɓe takalmi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Bai amsa ba. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta miƙe ta dubi ma'aikata ta ce, "A kafa."

Aka kafa turakun siminti, gefen gonar mafi kyawun ƙasa ya koma burtali. Sauran manoman da suka zo da niyyar faɗa suka dubi juna. Babu wanda ya tanka da aka zo kan tasu.

Da la'asar tsohon ya kira ɗansa zaure.

"Ko ta aje aikin nan, ko ka aje ta."

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Na gama magana."

Abdullatif bai taɓa musu da mahaifinsa ba, kuma bai ga laifin matarsa ba. Ya koma ɗaki ya kasa haɗa ido da ita. Ita ce ta sauƙaƙa masa.

"Zan koma gidanmu Kankia, in riƙa zuwa aiki daga can. Ba yaji na yi ba. Kar ka yi gardama da Baba, kar kuma ka sake ni. Iyakar roƙona ke nan."

Ta goya Jannat tana share hawaye. Shi ma ya juya baya don kada ta ga nasa.

Haka damina ta wuce. Kullum Abdullatif yana gona tare da tsohon, suna noma ba hira. 'Yan uwa suka yi ta zuga. Wata gwaggonsa har ta ce, "Macen da ta iya yanka gonar surukinta, wata rana kai za ta yanka." Ya ce, "To, Gwaggo," ya wuce. Ran Juma'a kawai yake hawa babur ya je ya gan su, su zauna a zaure kamar masu zance.

Kaka ta yi, shanu suka bi hanyarsu, ba a zare sanda ko ɗaya ba. Bayan an kwashe amfani, sai ga Jaji ya yi sallama a zauren Malam Haladu.

"Malam, so muke mu ci rani a gonarka, shanu su zuba maka taki. An ce kai ka fara ba da hanya."

"Ban bayar ba. Karɓa aka yi."

Jaji ya yi dariya. "Ko ma yaya ne, daga gidanka ta fito. Wasu a da in sun zo awo, sai su fara da gonar marar gata."

Da baƙon ya tafi, tsohon ya ce da ɗansa, "Matar nan taka har yanzu tana Kankia?"

"Tana can, Baba."

"Kai wane irin miji ne? Je ka ɗauko mani jikata da uwarta."

Washegari Rauda ta durƙusa a gaban surukinta. "Baba, ka yafe mani."

"Tashi, ɗiyata. Ba ki yi mani komai ba." Ya ɗora Jannat a cinya. "Ƙanena na ƙauyen Boko ma ya ci hanya. In kin je, kar ki ɗaga mashi ƙafa."

Yara, ku ji. Shugabanci amana ne, ko a hannun mace ko a hannun namiji. Rauda ba ta raina surukinta ba, ba ta kuma ci amana don shi ba. Mijinta bai saɓa wa uba ba, bai zalunci mata ba. Haƙurin damina guda suka yi, Allah Ya bar musu aurensu.